Amsoshin Tambayoyinku: Mota Ta Ɗauke Ana Cikin Gudu, An Ce Bawul Ne

Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin amsoshin tambayoyinku ɓangaren mota da gyaranta. Saƙonni sun taru sosai wannan makon, da na zauna ina warewa sai na ga da yawa duk maganar bawul ce, wato ƙofofin iska da hayaƙi na cikin inji, wani motarsa ta mutu a hanya, wata tata na rawa, wani kuma yaron gareji ne yana neman ƙarin haske. Shi ne na ce bari mu ba bawul ranar yau gaba ɗaya. Masu tambayar birki da giya ku yi haƙuri dan Allah, takardunku na nan a ajiye.

Na farko daga wani direba ne da ke lodi a tashar Kawo, yana jan Fijo 406 Kaduna zuwa Zariya. Ga abin da ya rubuto: "Malam ina tafe da fasinja, na wuce Maraban Jos ban kai Jaji ba, ina kan wajen 100, sai na ji ƙaras ƙaras a gaba kamar an watsa tsakuwa a gwangwani, mota ta ɗauke. Na gangara gefe na yi ta ba ta ki, sitata na juyawa da sauri fiye da yadda na saba ji amma ta ƙi kamawa, fasinjoji suka taimaka muka tura har sau uku. Bakanike ya zo ya ce taimin bel ne ya tsinke, ya sa sabo, ta tashi da ƙyar tana jijjiga ba ƙarfi. Yanzu ya ce bawul sun lanƙwashe, wai in sayi injin Beljiyam kawai. Motar ba tawa ba ce, balas nake kai wa maigida. Mene ne gaskiya?"

To ɗan uwa, da farko Allah ya ƙara tsarewa, tunda ka samu ka gangara gefe lafiya da mutane a mota a wannan hanyar, wannan kaɗai abin godiya ne. Bakaniken nan naka kusan na tabbata ya yi gaskiya a rabin maganarsa, wato bawul sun lanƙwashe. Rabin na biyu, zancen sayen inji, shi ne ban yarda ba tukuna, kuma zan gaya maka dalili.

Bari in ɗan buɗe maka cikin injin yadda za ka iya yi wa maigidanka bayani da bakinka. Kowace silinda tana da ƙofofi a samanta, su ne bawul, wasu na shigar da iska da mai, wasu na fitar da hayaƙi zuwa salansa. 406 ɗin da suka fi yawa a hannun direbobinmu, har da waɗanda aka harhaɗa nan Kakuri, in mai silinda 4 ce ta fetur yawanci bawul 16 gare ta, huɗu huɗu kenan. Kamshaf ke danna su su buɗe, sifirin ya mayar da su su rufe. A ƙasa kuma fistin na hawa yana sauka. In inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a sakan ɗaya, ka ji fa, sakan ɗaya. Kuma wurin da bawul ke leƙowa in ya buɗe, nan ne dai fistin ke isowa in ya hau sama, abin da ya hana su karo kawai shi ne ba sa zuwa lokaci ɗaya. Wanda ke raba musu lokacin nan shi ne taimin bel. Ranar da ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawul a buɗe, shi kuwa fistin bai san an yi ba, mota na kan gudu tayoyi na ci gaba da juya shi, sai ya hau ya maka musu. Ƙaras ƙaras ɗin da ka ji kenan. Saurin da sitata ke yi kuma, ai don babu matsi ne a silinda, ƙofa ta karkace ba ta rufuwa, iska na zurarewa, sitata ba ta samun abin da za ta yi kokawa da shi.

Maganar turi. Ba zan ɗora maka laifi ba don yawancin ɓarnar ta riga ta faru tun kafin ka taka birki, amma masu saurare ku riƙe wannan, in mota ta yi ƙara ta ɗauke ana cikin gudu, sannan ka ba ta ki sau ɗaya ka ji sautin sitata ya canza ya zama wiii babu wannan nauyin da ka saba ji, cire hannunka daga ki. Kar a tura, kar a ja ta da igiya a saka giya. Bawul da ya lanƙwashe kaɗan, in aka yi ta dukansa kansa na iya guntulewa ya faɗa kan fistin, daga nan kuma gyaran ya tashi daga na kan inji ya koma na inji duka. Kuɗin janwe daga Jaji zuwa gari bai kai kuɗin fistin da bulok ba. Abin da za a yi a bakin hanya shi ne a cire murfin roba na sama da ke rufe bel ɗin a duba. Kuma a duba da kyau, don wani lokacin bel na nan a zagaye kamar lafiya lau, ashe haƙoransa ne suka zube a ƙasa wajen fulin kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a ƙasan inji.

Yanzu me ya kamata a yi wa motarka? Tunda an sa sabon bel har ta tashi, aikin ya zo da sauƙi. A fara tabbatar da cewa makin taimin ya zauna daidai, don haƙori ɗaya ko biyu in ya goce shi ma yana sa jijjiga da rashin ƙarfi. Sannan a cire fulogi duka huɗu a ɗaura gejin kwamfireshan, wato ma'aunin matsin silinda, a kowane rami, a take totur har ƙasa, a cire fis ɗin famfon mai, a ba ta ki a rubuta lambar kowace silinda a takarda. Injin fetur mai lafiya yakan nuna wajen 150 zuwa 190 a ma'aunin psi, kuma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne huɗun su yi kusa da juna, kar tazarar ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. In ka ga biyu sun ba da 170, ɗaya 60, ɗaya sifili, to ka san inda ciwon yake. Aikin nan bai kai minti talatin ba. Akwai kuma ƴar kyamara mai waya da ake zurawa ta ramin fulogi a haɗa da wayar hannu, yanzu ta yi araha, da ita za ka ga saman fistin ƙuru ƙuru, ka ga ko tabo ne kawai ko ya fashe.

In tabo ne kawai, ɗan shatin bakin bawul kamar an danna farce a sabulu, to injinka na nan da ransa. Kan inji za a sauke, a canza bawul ɗin da suka lanƙwashe, a duba gayid ɗinsu wato bututun da sandar bawul ke zirga zirga a ciki don shi ma yakan tsage, a sa sabbin sil da sabon gasket a mayar. Inda zan ce maka ka nemi wani injin shi ne in fistin ya fashe, ko bawul ya guntule ya kakkarce bangon silinda, ko kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf, ya lanƙwashe. Wani lokacin ma in kan injin ya yi raga raga amma ƙasa lafiya, kan kawai za ka nema a kasuwar kayan mota ta Oriakwata ko Fanteka, ba injin duka ba. Ni abin da ke ci min rai da maganar "a sayi inji kawai" shi ne, injin Beljiyam ɗin ma ai ba sabo ba ne, ba ka san shekarar da bel ɗinsa ya yi ba, na sha ganin an ɗora shi ba a canza bel ba, wata uku ko huɗu a dawo da matsala iri ɗaya sak. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sannan tambayar da ba ka yi ba amma ita ce babba: me ya tsinka bel ɗin? Ruwa ba ya tsami banza. A 406 wannan bel ɗin shi ke juya famfon ruwa, in boris ɗin famfon ya ci ko ya cije zai yanka bel komai sabuntarsa. Haka tenshina mai ɗame bel ɗin da ƴar fulin da ke gefe. Haka in sil ɗin kamshaf ko na kiranshaf na yoyon baƙin mai a kansa, roba da mai ba sa shiri, sai ya jiƙe ya yi laushi haƙora su zube. Bakanikenka ya sa sabon bel a bakin hanya, na san bai canza waɗannan ba. In an tashi haɗawa a canza su gaba ɗaya, bel da tenshina da fuli da famfon ruwa. Kamfanoni sukan ce a canza tsakanin kilomita 60,000 zuwa 100,000 gwargwadon mota, ko bayan shekara huɗu zuwa biyar ko da ba a kai ba, kai da ke Zariya sawu biyu ko uku a rana cikin zafi da ƙura, ka riƙe ta ƙasan. Ka rubuta ranar da lambar mita da fenti a jikin murfin. Ka kai wa maigidanka takardar lambobin kwamfireshan ɗin nan ya gani da idonsa, zai fi yarda da kai.

Akwai wani gajeren saƙo da ya shafi wannan, daga wani bawan Allah a Tudun Wada, ya ce musu suke a majalisa, abokinsa ya rantse bel ɗin Camry ɗinsa ya tsinke a kan gudu aka sa sabo ya wuce abinsa, su kuma suka ce ƙarya ne. Malam abokinku bai yi ƙarya ba. Camry mai siririn fitila da ake ce wa fensir, ta 1997 zuwa 2001 mai inji 2.2, an bar wa bawul fili, ko bel ya tsinke fistin ba ya kai musu. Amma kar mai Honda ya ji wannan ya saki jiki, Accord ta 1998 zuwa 2002 da duk masu V6 ɗinsu bel ne kuma suna dukan bawul. Corolla ta 2003 zuwa sama da Camry mai inji 2.4 su kuma sarƙa ce a ciki ba bel ba.

Saƙo na gaba daga wata Hajiya ce, malamar makaranta a Unguwar Rimi. Ta ce Honda Accord ce da ita, wadda ake kira EOD mai silinda 4. Wata safiya za ta fita aiki mota ta kama rawa in tana tsaye, fitilar cek na ƙiftawa, in ta taka da gudu rawar ta ragu. An sa kwamfuta ta nuna P0303, an canza fulogi, an canza kwayil har sau biyu, an wanke nozul, rawa na nan. Ta ce wata biyu kafin haka ta yi ƙorafin injin na ƴar ƙara cak cak cak, aka ɗaure mata tafet, wato ƙarfen da ke danna kan bawul, ya yi shiru tsit har ta ji daɗi.

Hajiya ranki ya daɗe, wannan layin na ƙarshe da kika rubuta kamar ba komai ba, ni shi na fi tsayawa a kai. Lambar P0303 ba ta ce kwayil ya mutu ba, cewa kawai ta yi silinda ta 3 ba ta cin wuta daidai, dalili kuma sai an bincika. Hanyar ganewa kyauta ce, a ɗauke kwayil na 3 a kai 1, na 1 a kawo 3, a goge lambar a sake tayarwa. In matsalar ta bi kwayil ta koma P0301, to shi ne. In ta tsaya a 3 bayan an yi haka da fulogi da nozul, to ciwon na cikin silindar ne, kuma da an yi wannan tun farko da ba ki sayi kwayil biyu ba.

Zargina bawul ɗin hayaƙi ne ya ƙone. Shi wannan bawul a cikin wuta yake rayuwa, zafinsa na kaiwa digiri 700 zuwa 800, in da za ki gan shi ana tafiya ja ne kamar ƙarfen maƙera. Ba ruwa a jikinsa ba fanka, hanyar da yake sauke yawancin zafin nan ita ce ɗan lokacin da ya rufe ya zauna daram a kan mazauninsa, sai zafin ya bi ta nan ya shiga kan inji inda ruwa ke zagayawa. Shi ya sa kamfani ya bar ƴar tazara tsakanin tafet da kan bawul, siririya kamar kaurin takarda biyu ko uku, don in ƙarfe ya yi zafi ya miƙe ya samu wurin miƙewa. Wannan tazarar ce ke ƴar ƙara. In aka ɗaure ta don a faranta wa mai mota, inji na ɗaukar zafi bawul zai daina zama sosai, wuta ta samu ƴar kafa tana bi, kullum tana ci kaɗan kaɗan kamar yadda ruwa ke cin gindin katanga da damina, ranar da ta ɓalle gefe sai ki ga kamar farat ɗaya abin ya faru, alhali ya yi makonni yana tafe. Na taɓa ciro irinsa na ɗora a tafin hannu, gefe ɗaya ya yi wani gibi kamar an gutsiri yankan kankana, bakin wurin fari fat.

Ki ce a yi miki abu biyu kafin a taɓa komai. A bar motar ta kwana ta huce, da safe a buɗe murfin sama a auna tazarar da filagej, waɗannan siraran ƙarafan masu lamba, a gwada da abin da littafin motar ya ce. In an yi sa'a bawul bai riga ya ƙone ba, sassauta shi kawai zai dawo da matsi rawa ta tafi, na ga hakan ba sau ɗaya ba. In an saita an auna kwamfireshan silinda ta 3 na nan ƙasa, a zuba baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake aunawa. Lamba ta tashi sosai, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Kuma Hajiya dan Allah ki rage hawanta a haka, fitilar cek in tana ƙiftawa ba tsayawa ta yi ba, ɗanyen fetur ne ke wucewa salansa yana ƙona katalis, wato matatar hayaƙin da ke ciki, wani kuɗin ne kuma daban.

Sai wani yaro na, ɗan koyo a garejin Kurmin Mashi, shekararsa biyu a hannun ogansa. Ya ce ba su da injin gwajin zurarar iska, ta yaya zai san bawul ɗin shiga ne ko na fita kafin a kwance, kuma yana so in yi bayanin girandin bawul, wato goga bakin bawul da mazauninsa har su zauna daram, don ogansa in yana yi ba ya magana.

Ƙanena Allah ya yi maka albarka da wannan tambaya, kuma ka riƙe ogan naka da kyau, irinsu da ido ake koyo a wurinsu. Abin gwajin kana iya haɗa shi da kanka. Samu tsohon fulogi ka fasa farin tangaran ɗin ka fitar da cikinsa, ka kai wa mai walda ya like maka bakin da tiyon iska zai kama. Ka juya inji da hannu har fistin ɗin silindar ya zo can sama a bugun matsi, bawul duka a rufe. Cire sifana daga kan kiranshaf kafin ka saki iska, ina ƙara faɗa maka, cire ta, don iska na iya juya injin sifanar ta karya maka hannu. Sai ka ba shi iska daga kwamfiresar mai faci, ka bi da kunne. Ka ji fuuu a bakin salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. Ka ji ta wajen totur ko gidan iyafilta, na shiga ne. Ta murfin zuba baƙin mai, ringi ne, amma kaɗan a nan ba laifi ba ne, kowane inji na yi. Ka ga kumfa na tasowa a bakin lagireto, gasket ne ko kan ya tsage.

In kun zo kwancewa, inji ya huce sarai, kusoshin kan a sassauta su daga waje zuwa tsakiya kaɗan kaɗan, ba a zare ɗaya gaba ɗaya a koma na gaba ba. Nemi kwali ka huda ramuka ka sa lamba, duk bawul ɗin da ka ciro ka soke shi a raminsa, haka tafet da sauran tarkacen kowa da gidansa, kar ka zube su a kwano ɗaya. Kafin ma ka ciro su, kifa kan injin a gefe ka zuba kananzir a ramukan shiga da na fita, duk wanda ya jiƙe ta fuskar bawul yana yoyo. Wanda kake shakka, ɗora sandarsa a kan gilashi kan ya leƙo waje ka mirgina, mai lanƙwasa za ka ga kan na lilo. Kuma wanda ya lanƙwashe sunansa yasasshe. Na san ana miƙe shi da guduma a wasu wurare a mayar, wallahi wannan zalunci ne ga mai mota, ƙarfen ya riga ya ji ciwo a wuya, watarana zai guntule ana kan hanya.

Girandin kuma ba ƙarfi yake so ba. Ɗan shafa man girandin mai kaushi a bakin bawul kawai, kar ya taɓa sandar, ɗiga baƙin mai a sandar, kama shi da sandan nan mai roba ka murza tsakanin tafukanka kamar mai burga miyar kuka, ka ɗaga, ka ɗan juya, ka sake. Za ka ji sautin na sauyawa daga ƙarar yashi ya koma laushi. Sai ka goge ka yi da mai laushin. Abin da kake nema zobe ne mai ruwan toka da ya zagaye bakin bawul da mazauninsa ba yankewa, faɗinsa kamar milimita ɗaya da rabi. In ka yi ta yi rami ya ƙi ɓacewa, daina, mazaunin na son a yanke shi a wurin masu injin. Bayan nan wanki, wanki sosai, don man girandin yashi ne, ɗigo ɗaya ya rage a gayid zai cinye shi. Sake gwajin kananzir. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan ka zura filagej, injuna da yawa ba sa yarda da lanƙwasar da ta wuce 0.05 zuwa 0.1 na milimita, in ta wuce a kai a share, amma a tambaya ko an taɓa sharewa, don duk sharewa na ƙara kusanto da bawul wajen fistin. Wajen ɗaurewa ka busar da ramukan kusa kar mai ko ruwa ya kwanta a ciki, a ɗaure da sifanar awo daga tsakiya zuwa waje hawa hawa, ba da bututu a ɗare a kai ba. Ka gama sa taimin, juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ka ji ya cije ko kaɗan tsaya kar ka tilasta, ka sake duba maki. Sai an yi wannan ake taɓa ki.

Ƙari ɗaya tunda kai mai koyo ne. Akwai wanda ya fi lanƙwasa muni, shi ne bawul ya faɗa ciki gaba ɗaya, ko don sifirin ya karye, ko ƴan kota biyun nan da ke riƙe shi ba su zauna ba, shi ya sa in ka sa su ka ɗan bubbuga kan da gudumar roba ka tabbatar. Ko kuma mazaunin ne da kansa ya ɓalle, wannan yawanci bayan obahitin ne, don kan injin alminiyom ne mazaunin kuma ƙarfe, in zafi ya wuce ƙima alminiyom ya fi buɗewa sai ya sake shi. An taɓa kawo min wata bas haka, mun canza fistin mun canza kai, na ce yaro ya kwance manifol ɗin shiga, wato bututun da ke kai iska cikin inji, ya girgiza, sai ga gutsattsarin ƙarfe uku sun zubo ƙasa kamar tsabar masara. Da mun mayar da shi haka, tashin farko injin zai zuƙe su mu koma gidan jiya. Duk injin da ya haɗiyi bawul, a wanke manifol ko da sabon inji za a ɗora.

Wani mai bas daga Rigasa ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 yake tunanin komawa gas, yanzu ya mayar da motarsa CNG, sai aka tsorata shi wai gas na cin bawul. Alhaji akwai ƙamshin gaskiya amma ba abin da zai sa ka cire ba ne. Gas a bushe yake shiga, ba ya ɗan jiƙa bawul ya sanyaya shi kamar fetur, to a wasu injunan mazaunin bawul na lotsawa a hankali, bawul na nutsewa ciki, tazarar tafet na raguwa, ka ga mun dawo kan matsalar Hajiya. Maganin shi ne a riƙa auna tazarar akai akai fiye da lokacin da kake kan fetur, in injinka irin wanda ake saitawa ne. Sannan kar ka ce wa mai saitin ya rage maka gas sosai don tsimi, in iska ta fi yawa wutar na ƙara zafi a kan bawul. Ka ji tana rawa da safe ko tana atishawa ta gaba, kar ka jira.

Na ƙarshe da lokaci zai ba mu, wani Baba daga Barnawa ya ce Golf ɗinsa na fitar da shuɗin hayaƙi da safe in ya tayar, ko in ya daɗe a gosulon Kasuwa ya taka, bayan nan ya ɗauke, an ce masa sai an yi ringi. Baba wannan alamar ta fi kama da sil ɗin bawul, ƴan robobin da ke hana baƙin mai gangarowa ta sandar, in sun tsufa sun bushe mai na ɗiga cikin silinda in mota ta kwana. A auna kwamfireshan, in ya yi kyau a bar ringi a inda yake. Ana ma iya canza sil ɗin ba tare da an sauke kan inji ba, a cika silindar da iska ko a zura igiya mai tsabta ta ramin fulogi a ɗago fistin ya tokare bawul kar ya faɗa. Kafin a yi, ka riƙa duba gejin mai duk safiya.

Mai kula da na'ura na ɗaga min hannu lokaci ya cika. Direbanmu na Kawo, in an auna ka turo min lambobin nan huɗu yadda suke, da abin da aka gani a saman fistin, zan karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu, tare da takardun masu Keke da Boxer da su ma suka yi tambaya kan saitin bawul. Wassalamu alaikum.